Ranar da Baba Kunne Ya Ciji Sanda a Gaban Jama'a

Idan ka tambayi ma'aikatan hukumar ruwa ainihin sunansa, sai an buɗe fayil kafin a ba ka amsa. Baba Kunne kowa ke ce masa, har Inna matarsa idan tana jin tsokana. Shekara talatin da takwas aikinsa ɗaya ne. Ya fito da sassafe riƙe da sandar ƙarfe mai kan katako, ya kafa tsininta a kan kwalta ko murfin bututu, ya jingina kunne, ya lumshe ido. In ruwa na yoyo a ƙarƙashin ƙasa, shi zai ji. Sai ya zana da'ira da alli ya ce a haƙa nan, kuma in an haƙa, a nan ɗin ake samu.

Da diga da shebur ya fara, yana saurayi. Wata rana tsohon shugaban lebura ya miƙa masa sandar don a yi masa dariya, shi kuwa ya saurara ya ce, "Akwai abin da ke fito a nan." Aka haƙa, sai ga huda kamar ta allura. Tun daga ranar bai sake ɗaukar diga ba. Ya san ƙaramar huda fito take yi, babbar fashewa gurnani, bututun ƙarfe yana kai ƙara nesa, na roba kuwa haɗiye ta yake yi. Da wannan sandar ya aurar da ƙannensa, ya karantar da 'ya'ya biyar. Kuma mutumin bai iya ɓoye alfahari ba ko kaɗan. Sai ku je gaisuwa gidan mutane, ana cikin tambayar iyali, ya ɗaga yatsa ya ce, "Tankin banɗakinku na zuba." Inna ta sha jin kunya a kan wannan hali, ta yi faɗan har ta gaji ta bari.

Ana nan sai gari ya sauya. Motocin mai suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, na lantarki suka maye gurbinsu, har bas-bas suka koma tuƙa kansu. Injinan wuta da ke hana unguwa sakat suka zama tarihi. Mitar ruwa ta koyi magana da wayar mai gida. Tituna suka yi tsit, Baba Kunne ya ji daɗi ƙwarai, yana ta cewa a ƙarshe dai gari ya yi hankali. Bawan Allah bai sani ba, rabin shirun na gari ne, rabin kuwa a cikin kansa yake.

Ranar da ya gane, kwanon silba ne ya suɓuce daga hannun Inna. A kan idonsa ya faɗi, ya yi tsalle, ya gangara har bakin ƙofa, amma abin da ya iso kunnensa bai fi faɗuwar tsumma ba. Bai ce wa kowa komai ba. Ya koyi kallon leɓe, ya koyi cewa "haka ne" da "to, madalla" a inda suka dace, wani lokacin ma a inda ba su dace ba. Aiki kuwa ya kusa gagarar sa, sai wata safiya da gajiya ta sa ya ɗora haɓa a kan katakon sandar. Ruwa ya biyo ƙarfe, ya shiga muƙamuƙinsa, ya yi masa magana sarai. Ya gwada da haƙori, abin ya fi fitowa. Daga nan ya samu dabara: ya juya wa mutane baya, ya sunkuya kamar mai kafa kunne, ya ciji gefen katakon. Shatin haƙoran kuma ya naɗe shi da tsumma.

Haka ya yi shekara uku. Saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma burinsa a duniya bai wuce ya fita da sunansa cikakke ba. In asiri ya tonu, takardar likita za a ba shi a ce ya je gida ya huta, mutane kuma su ce ashe duk da'irorin nan na bayan nan shaci-faɗi ne. Wannan tunanin shi ke hana shi jin daɗin abinci.

A wannan shekarar ne hukuma ta kawo na'urorin saurare, ƙanana, ba su fi dunƙulen hannu ba. Ana manna su a jikin bututu, su yi ta saurare ba gajiya ba tari, su aika wa wata injiniya abin da suka ji. Injiniyar yarinya ce, sa'ar autarsa, mai ladabi da saurin tafiya, kullum da kwamfutar hannu a ƙirji. Kuma a faɗi gaskiya, na'urorin sun iya aiki. Abin da masu sanda shida ke ganowa a shekara, su a wata ɗaya suka gano. Abokan aikinsa biyar aka mayar da su ofis suna hamma. Shi kuwa aka haɗa shi da Injiniya, wai don girmamawa, yana bin ta da sanda kamar kayan ado. Abin yana ci masa rai, amma in ta nuna masa inda na'ura ta ce, ya duba a ɓoye ya ga daidai ne, yakan ce, "Ta yi ƙoƙari."

To, akwai wani layi da famfunansa suka yi mako guda suna tsiyaya kamar hawaye. Na'ura ta yi lissafinta ta ce yoyon yana ƙarƙashin shagon wata tela. Matar nan shekara goma sha biyu tana ɗinki a rumfa kafin ta samu wannan shago, ko wata biyu ba a yi da shimfiɗa tayil ɗinsa ba. Ko da Baba Kunne ya iso, an riga an shafa jan fenti a tsakiyar ɗakin, motar haƙa marar direba tana tsaye a ƙofa tana jiran umarni. Sai an fasa daɓen da bangon gaba. Telar ba ta yi gardama ba, wa zai yi gardama da na'ura? Tana ta kwasar ɗinkin mutane tana zubawa a buhu, idonta ya kaɗa ya yi ja.

Baba Kunne ya dubi layin tun daga farkonsa har ƙarshe. Ai ya san shi. Da hannunsa ya haƙa shi shekara arba'in da suka wuce. Ya matsa kusa da Injiniya.

"'Yata, me taswirarki ta ce game da bututun nan?"

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. "Roba ne, Baba, daga wancan murfin har wancan."

"Ba duka ba. Lokacin da aka sauya shi, an tarar da dutse a tsakiya, aka bar tsohon na ƙarfe wajen taku arba'in, aka haɗa. Ba wanda ya rubuta. Ƙara ta fi gudu a ƙarfe. Na'urarki ta ji daidai, amma an yi mata ƙarya a taswira."

Ta sake duba taswirar. Sannan ta ce, shi kuma yana bin leɓenta, "Na yarda da kai, Baba. Amma ofis ba za su tsayar da aiki don ka tuna wani abu ba. Ka nuna mini wurin. Zan iya riƙe motar nan minti goma sha biyar."

Nan fa ake yin ta. Jama'a sun cika layin, gaba da baya, hagu da dama, har da masu leƙowa ta tagogin bene. Babu inda zai juya baya. Ya kafa sanda, ya jingina kunne kamar yadda ya yi shekara talatin da biyar, ko Allah zai sa. Shiru. Ya matsa gaba ya sake. Shiru kamar ya kafa ta a katifa. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe: ya ɗago ya ce, "Na'urarku ta yi daidai, tsufa ne," a yi dariya, a fasa shago, shi kuma ya ƙarasa wata huɗunsa lafiya lau. Ba mai zarginsa. Wallahi ya so ya faɗi hakan, har ya buɗe baki. Sai ga telar ta fito rungume da kan keken ɗinki, tana neman inda za ta ajiye shi a kan titi inda ƙura ba za ta shiga ba.

Ya warware tsumman nan, ya jefar. Katakon ya bayyana duk shatin haƙori. Ya sunkuya a gaban kowa da kowa, ya cije shi.

Ya ga bakunan mutane sun buɗe, ya san dariya ce, wannan karon kurumtar ta yi masa rana. Ya rufe ido. Can nesa, ga shi nan, siririn fito yana biyo ƙarfe. Ya ɗaga sanda, ya yi taku biyar, ya ciza. Fiton ya ƙaru. Taku biyar kuma. Tsoho mai furfura yana tafe yana cizon sanda a tsakiyar titi, yawu na bin gemunsa, bai ko share ba. A taku na ashirin da bakwai daga ƙofar shagon, kusa da turken fitila, fiton ya koma gurnani har haƙoransa na kaɗawa. Ya wuce kaɗan, ya ji ya ragu, ya dawo. Ya ciro alli daga aljihu ya zana da'ira.

Sannan ya miƙe ya dubi Injiniya, ya yi magana da ƙarfi, don ya daɗe bai san girman muryarsa ba. "Kunnena ya mutu shekara uku ke nan. Da haƙori nake ji. Ki rubuta a kai ofis in kin ga dama. Amma nan za ki haƙa."

Ta sunkuyar da kai ta gyara taswirarta, ta sa ƙarfe taku arba'in a inda ya ce. Jan ɗigon da ke kan shagon a taswirar ya tashi, ya gangaro layin, ya tsaya dab da turken fitila. Ta miƙa masa ya gani.

Ya ƙura ido, ya auna da inda yake tsaye. "Saura taku ɗaya ta iso," in ji shi. "Amma ta yi ƙoƙari."

A da'irarsa aka haƙa. Ba a kai ƙugu ba ƙasa ta yi baƙi, sai laka, sai ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙa na kusa. Bakunan da suka buɗe da dariya ɗazu, yanzu hannuwa ne ke tafi. Bai ji tafin ba, amma ya gan shi, kuma ya karɓe shi ba tare da wani noƙe-noƙe ba, don ya san ya ci. Telar ta zo ta durƙusa masa, ta tashi ta ɗauki kan kekenta ta mayar ciki.

Injiniya ta ja shi gefe, ta tsaya daidai fuskarsa, tana magana a hankali. "Baba, abu biyu. Duk inda aka bar ƙarfe a garin nan, a kanka kaɗai yake. Wata huɗun nan layi-layi za mu bi, kana faɗa ina sawa. Na biyu, tunda ƙara na shiga ta ƙashi, cikin kunnenka da rai. Akwai abin da ake maƙalawa a bayan kunne. Mahaifina da shi yake ji."

"Na'ura kuma?"

"Sandarka mece ce, Baba?"

Ya harare ta.

Da yamma ya zaunar da Inna, ya yi doguwar shimfiɗa, ya faɗa mata abin da ya ɓoye shekara uku. Ta dube shi ta ce, "To, sannu," ta tura masa kwanon abinci. Abin har ya ɗan ɓata masa rai. Mutum ya kawo labari irin wannan, a ce masa sannu kawai?

Bayan mako uku aka maƙala masa abin a asibiti, ɗan ƙarami kamar maɓallin riga. Ya taho gida da la'asar yana jin takun takalminsa, yana mamakin ashe haka ƙofar gidansa ke kuka. Ya yi sallama, ya shiga, sai ya tsaya cak a tsakar ɗaki. Ɗis. Can kuma, ɗis. Ya bi sautin har kicin, ya yaye labulen da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Mahaɗin bututu ne ke ɗiga cikin bokiti, bokitin har ya yi zoben tsatsa a siminti. A gidan Baba Kunne!

"Shekara biyu da wata biyar," in ji Inna daga bayansa.

Daga bayansa. Sai a lokacin ya lura, shekara uku rabon da matar nan ta yi masa magana ba tana gabansa ba, inda zai ga bakinta.

"Kullum da safe waya sai ta ce mini akwai yoyo a gidan nan, in kashe ta, in kwashe ruwan in yi wanki. Ranar da ya fara, ka wuce shi sau uku ba ka waiga ba. In na faɗa maka, na ce ba ka ji ke nan. In na kira wani ya gyara, na faɗa wa unguwa ke nan. Sai na ce bari in bar shi, mai shi zai dawo."

Baba Kunne, wanda bai taɓa rasa abin faɗa a kan ruwa ba, ya durƙusa a gaban bokitin nan, ƙwalla ta cika masa ido. Ya yi zaton shi kaɗai ya ɗauki kayan nan shekara uku, ashe su biyu ne. Inna ta buɗe durowa ta ciro sifana, ta miƙo masa ta saman kafaɗa. Ya karɓa ya riƙe, amma bai kai ta ga bututun ba.

"Gyara mana," ta ce.

"Zan gyara. Bari ya ƙara ɗiga kaɗan tukuna."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, suna saurare.