Takardar da Na Ɓoye a Cikin Hula

Ni mahauci ne a Gidan Igwai, a nan Sakkwato. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru na haura shekara arba'in, kuma ko sunana ban iya karantawa da boko ba. Tun ina yaro, in an feɗe dabba, nakan yanke matsarmamar da ke jikin hanta in jefar, don kada ɗacinta ya ɓata nama. Shi ya sa da likita ya ce duwatsu sun taru a tawa, sai an cire ta, ko gezau ban yi ba. Na ce masa abin da nake jefa wa karnuka kullum ai ba zai dame ni ba.

Bayan an yi mini aikin, ranar sallama daga asibiti, ma'aikaciyar jinya ta rubuta mini wasu layuka da Hausa a takarda, ta tambaya ko na iya karatu. Kunya ta sa na ɗaga kai alamar e. Na ninke takardar na cusa a hula. Ina samun sauƙi na koma kwata, inda karin kumallonmu gasasshen tozo ne da kitse, abokan sana'a suna ta tura mini wai in mayar da jiki. Sai zawo ya sako ni gaba, bayan gida mai maiƙo da wari. Na rame, har cinyar saniya ta gagare ni ɗauka. Na fara tsoron wuƙar da nake ciyar da iyalina da ita za ta fi ƙarfina.

Da na koma asibiti, likitan ya nemi takardar. Na ciro ta daga hula, duk gumi ya rina ta. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni da me nake wanke faifan nama, na ce sabulu. Ya ce to, ruwan ɗacin da hanta ke yi shi ne sabulun ciki: yana farfasa maiƙo ƙanana-ƙanana, wani ruwa daga wata gaɓa a bayan tumbi ya ƙara narkar da shi, sannan hanji ya tsotse, ya ƙunshe shi, ya bi da shi ta wasu siraran hanyoyi har ya zuba cikin jini. Matsarmama randar ajiyar wannan ruwa ce. Yanzu ba ni da randa, ruwan ɗiga kawai yake yi, don haka kitse mai yawa a zama ɗaya wucewa zai yi bai narke ba.

A cikin makon da na ga likitan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tudun Wada. Wata bakwai na yi kafin na iya haɗa baƙaƙen takardar da kaina. Abin da ke ciki bai wuce in rage maiƙo, in riƙa ci kaɗan-kaɗan ba.

Yau ƙarfina ya dawo, tozo kuwa sai dai in sayar. 'Yan'uwana mahauta, abin da muke jefarwa a kwata yana da aiki a cikinmu. Wanda kuma aka miƙa wa takarda bai iya karantawa ba, ya faɗa a wurin, kada ya ɗaga kai irin nawa. Wannan wasiƙa ni na rubuta ta da hannuna, kuma ban fasa zuwa aji ba.