Ranar da Kurame Suka Yi Yawa a Mandawari

Murfin tukunya ne ya suɓuce mini, ƙwal! 'Yata mai shekara shida ta zabura daga can bakin rijiya, yarinyar da nake yi wa magana sau biyar tana kallona kamar baƙuwa. Ranar na ce lallai sai an duba ta. Abin da ya biyo baya kuwa, har in koma ga Mahaliccina ba zai bar raina ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Wata likita ta zo asibitin kusa da mu tana tattara bayanan masu ciwon jijiyar kunne a kwamfuta, don a yi bincike. To a lokacin, duk inda aka ce ana rubuta suna, rabo mutane suke hange. Kafin hantsi labari ya koma keken ɗinki gwamnati za ta raba wa kurame. Muka tarar da layi har bakin titi. Ga tela maƙwabcinmu, wanda ko raɗa aka yi a gidanmu sai ta zaga unguwa, ya kafa hannu a kunne yana ta "Na'am? Na'am?"

Mai tsaron ƙofa ya gaji, ya samo farantin ƙarfe. Sai ya lallaɓa bayan mutum ya saki. In ka waiga, ka kama hanyar gida. Tela ya dake kamar ginshiƙi, idonsa har ƙwalla, aka shigar da shi. 'Yata kuwa tsalle ta yi ta rungume ni.

Mai tsaron ƙofa ya ce, "Haba Hajiya, har da ke? Wannan ai ta fi ni ji!"

"Malam, faranti take ji. Uwarta ce ba ta ji," na ce.

Ashe likitar ta jiyo ni. Ta leƙo ta ce, "Tun safe irinta nake nema." Ta manna mata wayoyi a ka, ta yi ta dannawa, sannan ta ce ƙara tana shiga, magana ce take isa a hargitse. Babu magani tukuna, amma sunanta ya shiga, za a riƙa kiranmu. In zan yi mata magana, in fuskance ta, in bi a hankali.

Na tuna yawan dundun da ta sha a kan taurin kai, na yi ta istigfari. Tun ranar ban ƙara yanke wa yaro hukunci ban bincika ba.

A hanya na durƙusa na bayyana mata komai, tana bin leɓena da ido. Sai ta ce, "Umma, ko faɗa za ki yi mini, ki riƙa kallona. Ni ma in san laifina."