Masarar Dawowar Lorna

A ƙauyukan yammacin Minnesota, duk wanda ke da murhun ɗumama gida mai cin masara ya san Orvin Stensrud. Da Oktoba ta kama za ka gan shi a tsohuwar motarsa yana bin gidaje. Zai zagaya gida sau ɗaya, ya ƙirga tagogi, ya kara bayan hannu a ƙasan ƙofa don ya ji inda iska ke satar hanya. Sannan ya je rumbu ya ɗauki ƙwayar masara ya ciza. In ta fashe ƙas, ta bushe. In haƙori ya nutse, da sauran laima, kuma masara mai laima ba ta ba da zafin kirki, ga ta da barin ƙanzo mai tauri a tukunyar wutar har ya shaƙe ta. Daga nan sai ya faɗi lamba: bokiti ɗari uku da ashirin zuwa tsakiyar Afrilu. Ba ya karɓar komai sai kofi mai zafi ya sha. Shekara ashirin yana wannan aiki, da wuya ka ji ya yi kuskuren bokiti goma.

Gida ɗaya ne bai ci moriyar wannan ilimi ba, shi ne nasa. A ɗakin sama na gidan aka haife shi, a hannun uban da ke ƙirga totuwa kafin ya jefa a wuta, kuma Orvin bai bar komai na halin uban ba. Maɓallin murhunsu daga ɗaya yake zuwa biyar, amma ka rantse na biyun kaɗai kamfani ya yi. Bokiti biyu a rana, ma'aunin zafi a sittin da biyu na awon Amurka, wato gida da ɗan sanyinsa, magana ta ƙare. Matarsa Lorna da rigar sanyi biyu take girki.

"Orvin, wai kai mutum ne ko kifi?" takan ce.

"Ki matso kusa da murhun mana."

"In na ƙara matsowa ai sai dai in shige ciki."

Haka suka yi ta yi har gwiwoyinsa suka gaza, ya ba maƙwabcinsu Merle Haugen gonar, da sharaɗin ya riƙa zuba masa masarar wuta duk kaka.

A watan Satumba Lorna ta zame a matakala tana ɗauke da kwalaben tumatir, ƙugunta ya karye. Bayan tiyata aka kai ta gidan jinya a gari, tafiyar mil ashirin. Sai a lokacin Orvin ya san murhunsa na da sauti. Ƙwayoyin masara na faɗawa tukunyar wuta ɗaya bayan ɗaya, abin da surutun Lorna da rediyonta ba su taɓa bari ya ji ba. Sau da yawa ya sauko da kofuna biyu daga kantar kicin, ya tsaya yana kallon ɗayan. Kewarta ta kama shi kamun da bai san akwai irinsa ba, shi kuwa ba mutumin da ke faɗin irin wannan ba ne. Kullum ƙarfe biyu na rana yana gefen gadonta yana ba ta labarin farashin wake.

Wadda za ta ce Lorna ta koma gida ko kada ta koma wata ma'aikaciyar jinya ce, Denise Pavlik, ita ma 'yar manoma.

"Mista Stensrud, jininta ba ya gudu sosai a ƙafa," ta ce masa. "A sauko da gado ƙasa, ɗakin kuma ya zauna a saba'in da biyu. Zan zo Juma'ar farko ta Disamba in gani da idona, har rumbun zan leƙa. In ba ta koma kafin tsananin sanyi ba, likita ba zai bari a motsa ta ba sai Maris."

A mota ya gama lissafin. Saba'in da biyu na nufin maɓalli na huɗu, bokiti uku da rabi a rana, kwana ɗari da talatin da biyar. Ɗari huɗu da saba'in da ɗoriya ke nan, shi kuma ɗari biyu da sittin ke rumbunsa, ƙiyasin tsoho mai hannun jarirai. Bai ko tsaya gida ba ya wuce wurin Merle.

"Bana ruwa ya ɓata mana girbi," in ji Merle. "Injin busarwata ya tsaya, sai nan da mako uku kayan gyara za su iso. Abin da ya rage ga shi can a tirela. Ciza ka ji."

Orvin ya ciza. Haƙorinsa ya nutse kamar a dafaffen wake. Ya daɗe yana taunawa, yana kallon hanyar gari.

"Za ta yi," ya ce.

"Za ta yi? Kai fa ka sa na kwashe irin wannan daga rumbun surukata da shebur."

"Na ce za ta yi. Kawo ta gobe."

Merle ya kawo, aka zuba a kan busasshiyar, rumbu ya cika har baki. Orvin ya san rumbu mai mafita a ƙasa masarar sama yake fara zuƙowa, wato mai laimar ce za ta fara isa wuta, ya sha faɗa wa mutane haka. Wannan karon ya yi kamar bai sani ba. Ya sauko da gadon da taimakon Merle, ya wanke labule, ya murɗa maɓalli zuwa huɗu. Kwana uku gidan ya yi ɗumin da bai taɓa yi ba, har Orvin ya tuɓe rigar sanyi yana jin kunyar kansa.

Ranar Juma'a da safe ya sauko ya tarar da wuta a mace. Ƙanzo ya cika tukunyar ya daskare kamar dutse, ɗanyar masara ta taru a kai tana wari. Yana durƙushe da guduma da kurfi motar Denise ta tsaya a ƙofa. Ta shigo, ta dubi ma'auni: hamsin da takwas. Ta sa hannu a bokiti, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza.

"Kai ka koya wa babana wannan, Mista Stensrud," ta ce a hankali. "Ka yi haƙuri. Ba zan iya sa hannu ba."

Ƙarfe biyu ya isa gidan jinya, hannuwansa da baƙar toka. Lorna na zaune a kujera mai taya, ta sa an gyara mata gashi, jakarta a ɗaure a kan gado. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Ya zauna ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Shekara arba'in da shida ina zaune a sittin da biyu," ta ce, "ba wanda ya taɓa zuwa da ma'auni. Sai yanzu aka gano ina jin sanyi."

"Na ji laimar, Lorna. A haƙorina na ji ta. Na gaji da zama ni kaɗai ne."

Ta daɗe tana kallonsa, don tun da suke bai taɓa yin magana irin wannan ba. Sannan ta jawo jakar, ta fara ciro kayan tana jerawa a kan gado.

"Ka san abin da ke damuna a nan?" ta ce. "Zafi. Ɗakin nan kamar tanda yake, ko barcin kirki ba na yi. Ni sanyin gidana nake so, Orvin."