Kujerar Gaba a Motar Alhaji Sahabi

Alhaji Sahabi dillalin shanu ne a Ƙofar Kware, kuma tun da ya fara riƙe sitiyari bai taɓa sauya ƙirar mota ba. Jif ɗin nan ce ta iyali, kamfani ɗaya, suna ɗaya. In ta tsufa ya sallame ta, ya ɗauko ƙanwarta. Uku ya hau.

Ta farko 'yar Kwatano ce, mai taya goye a ƙofar baya, da kujerun yadi da gilashin da ake murɗawa da hannu. Duk Laraba Na'Allah mahauci, abokinsa tun suna yara, shi ke zama a gaba har kasuwar Achida. Rigarsa ba ta rabuwa da ƙarnin nama, amma taga a buɗe take, iska na kwashewa. Su ci rake, su zubar da ɓawo a ƙasan mota, su yi ta tsiya.

"Barunde," in ji Sahabi, sunan da ake kiran mahauta da shi a Sakkwato, "yaushe za ka wanke rigag ga?"

"Ran da dillali ya faɗi gaskiya," in ji Na'Allah.

Ta biyu ta fi tsawo. An mayar da tayar ƙarƙashi, an ƙara layin kujeru na uku, ga na'urar sanyi. Daga nan taga ta rufu, ƙarni ya rasa hanyar fita. Hajiya Ikilima, matar Sahabi, ta ce yara na toshe hanci in za a kai su makaranta. Sai wata Laraba Sahabi ya ce, "Barunde, koma baya mana, ka fi miƙe ƙafa." Na'Allah ya yi dariya ya koma. Hira ta zama da ɗaga murya, sannu a hankali ta ragu.

Ta uku ta iso bara. Kujerun fata masu ruwan madara, allo a gaba kamar talabijin, ba makulli, maɓalli ake dannawa. Sahabi bai cire ledar kujerun ba. Larabar farko ya hango Na'Allah tsaye gindin dogonyaron da ya saba jira, rake biyu a hannu. Ya dubi rigar, ya dubi kujera. Gilashin baƙi ne, ba a ganin na ciki. Ƙafarsa ba ta taɓa birki ba. A madubi ya ga hannun abokinsa a sama, sannan yana sauka a hankali.

Da hantsi suka haɗu a Achida, Na'Allah ya biyo motar haya.

"Alhaji, ka iso lahiya? Allah shi sa albarka ga sabuwa." Ya miƙa masa rake guda.

Alhaji! Bai taɓa kiransa haka ba. Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Raken nan ya bushe a cikin mota, Sahabi ya kasa ci, ya kasa yarwa. Mako ya zagayo yana yi wa yara faɗa ba gaira ba dalili.

Laraba ta gaba ya yage ledar kujerar gaba da hannunsa. Ya tsaya gindin dogonyaro, ya sauke gilashi, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofa.

"Barunde, shigo nan mu tahi."

Na'Allah ya leƙa ya dubi farar kujerar, ya gyaɗa kai. Sabuwar riga ce a jikinsa, har da karin guga.

"A'a, Alhaji, kak ka damu. Na taho da shirina."

Ya zaro wankakken buhu daga hammata, ya zagaya ya shiga layin ƙarshe, ya shimfiɗa shi da kyau, sannan ya zauna a kai.

Sahabi ya jawo ƙofar gaba ya rufe. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan, har Achida yana jin motsin buhun.