'Yar Amurka a Zauren Kawu Sale

Jiya a Riruwai na tarar da wata ɗaliba 'yar Amurka a kan tabarma a zauren kawunmu Sale, tana rubuta labarin haƙar kuzar da ya yi yana saurayi. Wai ta tsallake jami'o'in ƙasarsu, a nan ƙasarmu take neman gurbin karatun tarihi.

Ƙanena Habibu na gefe da fom ɗin jami'ar 'yarsa Rabi. Ita tarihi take so, shi ya kafe sai likitanci, kuma jibi za a rufe karɓa.

Ya raɗa mini, "Yaya, anya lafiyarta ƙalau? Labarin da muke gyangyaɗi in ana yi, shi ta hawo jirgi ta zo ji?"

Ashe Kawu ya ji. Ya ce, "Da ma gyangyaɗin kuke yi, Habibu. Sulalewa kuke. Rabi kaɗai ke zama har in dire."

Yau da safe Rabi ta kira ni. Babanta ya yarda da tarihin, amma da sharaɗin ta riga Baturiyar rubuta labarin Kawu.

Shin sai baƙo ya zauna a zaurenmu muke kasa kunne? Ku a gidanku, labarin wa ake sulale wa?