Hutun Da Na Yi A Lakwal Ɗin Tudun Kanya

Daura

Na fito daga gida ana sallame Asuba, da kwalin littattafan koyon karatu a kaina da jakar alli a kafaɗa. Isufu, ɗan ƙanwar mahaifiyata, shi ne shugaban wata makarantar firamare a ƙasar Nijar. Ya aiko min cewa iyaye suna ta janye yaransu, idan aka dawo daga hutu ba su ƙaru ba za a rufe makarantar. Ni kuma na daɗe ina koyar da aji ɗaya, sai na ce zan ba shi hutuna kyauta. Uwargida ta shaida wa maƙwabta cewa Malam zai tafi ƙasar waje. Ban gyara mata ba, tunda gaskiya ne.

A tasha, lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, mata suna kujerar baya, maza suna gaba. Direba ya ɗan yi nazarin kwalina, ya ajiye shi a tsakiya.

Kwangwalam

Mun isa kan iyaka rana ba ta yi zafi ba. Jami'in can ɓangaren ya buɗe kwalin, ya ɗauki littafi ɗaya, ya karanta "ba, be, bi" da ƙarfi har ƙarshen shafi.

"Sayarwa za ka yi?"

"Koyarwa, ranka ya daɗe."

"Nawa za a biya ka?"

"Ko sisi."

Ya dube ni da tausayi, ya ce in wuce.

Matameye

Nan na ci burodi mai tsawon damtse da shayi, na hau babur zuwa Tudun Kanya. Hanyar yashi ce zalla. Sau biyu muka sauka muka tura, sau ɗaya muka sauka ba da niyya ba.

Tudun Kanya

Makarantar, da suke kira lakwal, rumfunan zana ne guda biyu. Isufu ya gabatar da ni ga mai gari da sunan "Mushe Sani". Na ce da raina. Ya ce haka ake kiran malami a nan, girmamawa ce.

Washegari na share rumfa, na goge allo, na zauna har azahar. Akuya ce kaɗai ta leƙo. Damina ce, yara duk suna gona. Sai muka riƙa ɗaukar allon ni da Isufu zuwa gindin wata tsamiya, inda ake hutun rana.

A nan na haɗu da Ɗan'iya, wanda ya fara janye 'yarsa, saura suka bi.

"Mushe, shekara uku Hadiza tana zuwa. Waƙar Faransanci ta iya, har ta hana mu barci. Amma na ce ta rubuta sunana, sai ta yi kuka."

"Ka ba ni ita lokacin hutun rana kawai."

"Na ba ka. In ta kasa, ka ɗauke allonka, inuwar tamu ce."

Da Hausa muka fara, da sunayen abin da ke gabansu: gero, fartanya, tsamiya. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ba a taɓa nuna mata cewa maganar gidansu ma tana rubutuwa ba. A mako na uku ta rubuta sunan ubanta a ƙaramin allo.

Ɗan'iya bai iya karatu ba, kuma bai yarda da ni ba, balle Isufu. Ya naɗe allon a tsumma don kada ya goge, ya kai shi kasuwar Matameye wurin wani mai sayar da magani. Da yamma ya dawo, bai dube mu ba.

"Ya ce sunana ne."

Kashegari ya zo da yaransa uku da na ƙanensa. Kafin in taho, inuwar tsamiyar ta yi mana kaɗan.

Ranar da zan tafi Ɗan'iya ya tare babur ɗin da ƙwan zabi a ƙwarya.

"Mushe, ka bar wa Isufu saƙo, a koya mata rubuta Alhaji. Ina da niyya."

Daura

Na shigo gari ana kiran Magariba, rabin ƙwan ya fashe a hanyar yashi. Bayan an dawo daga hutu direban Matameye ya kawo min labari cewa ba a rufe makarantar ba, har an kafa rumfa ta uku. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Isufu da matarsa da suka ciyar da ni. Ɗan'iya kuma, Allah ya kira shi Makka.