Injin Kogi a Ƙasar Rijiya

Shekarun baya can, ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai, ina da goyon fari, mijina ya dawo gida da injin jirgin ruwa. Duk wanda ya san ƙasarmu ta Gagarawa zai yi dariya, don mu ruwanmu yana can ƙarƙashin ƙasa, sai ka zura guga har kafaɗa ta yi tsami kafin ka ji ya taɓa. Ni a lokacin ko kwale-kwale ban taɓa gani ba. Sai ga shi an sauke mana wani ƙarfe mai koren fenti daga jirgin ƙasa a Tasha, an ɗoro shi a kan itatuwa, maza suna ja suna salati har ƙofar gidanmu.

Mijina ya daɗe yana aiki a jiragen da ke yawo a kan kogi ta wajen Lokoja. Ko bayan aurenmu, zuwa yake ya yi 'yan makonni ya koma. Surukata ce ta matsa masa, ta ce ta tsufa, ba ta son ranar da za ta cika a ce ɗanta yana kan ruwa. Shi ne ya sayo tsohon injin wani ƙaramin jirgi da aka daina aiki da shi, ya ce zai haɗa shi da dutsen niƙa ya riƙa niƙa wa mutane gero da dawa. A gabana ya gaya mata: "Inna, ni noma ya bar hannuna. In wannan inji ya karɓi garin nan, na zauna. In ya ƙi, ba ni da wata sana'a sai can." Akwatinsa na ƙarfe yana ƙarƙashin gado, ɗaure da igiya kamar yadda ya zo da shi. Kullum in ina shara sai tsintsiyata ta buge shi, in tuna yana iya komawa.

Ya kafa injin a wata rumfa a bayan gida, ya ajiye duro cike da ruwan rijiya a gefe. Ranar da ya fara tayar da shi, na ruga ɗaki da yaro a baya, na rantse akwai aljani a ciki. Da na saba da ƙarar kuwa, sai ta riƙa sa ni gyangyaɗi. Ina tankaɗe ina tunanin kogin nan da yake ba ni labari, ruwan da wai tafiya yake dare da rana. Na taɓa tambayarsa, da gaske nake ba wasa ba, su wa ke jan ruwan suna zubawa a ciki da ba ya ƙarewa. Ya yi dariya har da hawaye, ni kuma na yi fushi na yini guda.

Daɗin bai je ko'ina ba. Inji ya fara zafi. Ana cikin niƙa sai ka ji ƙaurin fenti, tururi na fita, muryarsa ta shaƙe, dole a kashe. Mata su zauna da ƙorensu har su gaji, su koma ga turmi. Na ji wata tana cewa ai turminta bai taɓa yin zazzaɓi ba. Maganar ta yi mini ciwo.

Mijina ba mai yawan magana ba ne, amma in yana gyara yakan yi bayani kamar da injin yake hira, ni kuma ina tsaye da ƙwaryar fura ina ji. Ya fara da bakin bututun da ke tsotso ruwa daga duro, ya tarar 'yar rariyar da ke wurin ta toshe da dusa. Ya wanke ta, ya yi wa duron murfi. Zafi ya ragu kaɗan, ya dawo. Ya kwance famfon da ke tura ruwan, ya ga fatar cikinsa ta bushe ta tsage. Ya tafi Gumel ranar kasuwa, baduku ya yanko masa sabuwa, ya jiƙa ta da mai ya mayar. Ruwa ya soma tafiya, amma inda ya kamata ya fito da ƙarfi tare da hayaƙi, sai ɗiga yake kamar hawaye.

"Kin ga," ya ce da ni, "a kan kogi ba ma ma duban inji. Bayansa muke saurare. In yana tofar da ruwa fut-fut, lafiya lau. In ya yi shiru, to cikinsa na ƙuna."

Da ya kwance gwiwar bututun hayaƙin, wato inda ya lanƙwashe, ya ɗaga ta sama ya leƙa, ko haske bai gani ba. Baƙin kunkunniya ne ya haɗu da wani farin abu mai tauri ya cike hanyar. Ya leƙa hanyoyin ruwa na cikin injin, su ma haka. Ruwan rijiyarmu ne, mai nauyi, da ya ji wuta yake barin wannan farin. Ya sa waya ya yi ta ƙwaƙula, inda waya ba ta kai ba kuwa babu yadda zai yi. Ya zauna a ƙasa, hannu duk baƙin mai, ya zuba wa kudu ido. Na san inda hankalinsa ya tafi. Ran nan da yamma na ga ya jawo akwatin nan ya kaɗe masa ƙura.

Surukata ce ta ɗauki gwiwar da safe tana juya ta. Ta ce, "Wannan ai irin farin da ke kama gindin butata ne. Ke, ba da tsamiya muke cire shi ba?" Na ce da ita kuwa. Mijina ya ce, "Inna, ba abin da za mu rasa." Na jiƙa tsamiya mai kauri, wadda da ta kunun azumi ce, na tace. Ya toshe mafitar ruwa ta ƙasa ya ɗura ta cikin injin da ɗuminta, ya tsoma gwiwar a tukunya. Muka bar su suka kwana suka yini. Da ya buɗe, abin da ya fito kamar ruwan wankin alli, da ɓarɓashi. Muka sake, muka kuma sakewa, har tsamiyar maƙwabta ta shiga ciki. Ya ɗauraye da ruwa mai yawa. Ya tayar, sai muka ji fut-fut-fut. Na yi guɗa ban san na yi ba.

Ashe da saura. Kafin azahar ruwan duron da kansa ya yi zafin da za a iya fige kaza da shi, ga baƙin hayaƙi ya gurɓata shi. Mijina ya ce, "Matsalar ke nan. A kogi, ruwan da ya shiga ya fita ya tafi ke nan, sabo ke zuwa. Nan kuwa shi ɗin dai ke dawowa. Inji ne da ya saba da kogi, ni kuma ba ni da kogin ba shi."

Ina tsaye kusa da randata. Na ɗebo masa ruwa a moɗa don ya huce, ya kurɓa, sai ya tsaya yana kallon moɗar, ya kalli randar da ke zufa a cikin jiƙaƙƙen yashi, ya kalle ni. Na gane kafin ya buɗe baki. Na ce, "Maigida, ɗauki. Har da babbar da mahaifiyata ta ba ni." Zuciyata ta ɗan sosu da na faɗa, ba zan ɓoye ba.

Maƙerin garinmu ya raba hanyar biyu. Hayaƙi ya samu nasa dogon bututun da ya bi ta sama, nesa da ciyawar rumfa. Ruwa kuma ya samu nasa. Aka jera randunana da na surukata a inuwa, kowace ta ɗan fi ta gabanta tudu, aka huda su kusa da wuya aka sa gajerun bututu. Ruwan zafi ya faɗa ta farko, ya cika ya gangara ta biyu, haka har ya isa duro ya huce. Inji ya yi ta aiki tun hantsi har la'asar, muryarsa ba ta sauya ba. Mai turmin da ba ya zazzaɓi ma sai ga ta da ƙwaryarta.

Da mutane suka watse, bai kashe shi nan da nan ba. Ya kira ni ya ce in sa hannu a inda ruwa ke zuba daga randa zuwa randa. Na sa. Yana ta wucewa ta tsakanin yatsuna, mai ɗumi, ba ya tsayawa, ba kuma wanda ke ja da guga. Na rufe ido. Ya ce a hankali, "To haka kogi yake. Faɗi kawai ya fi wannan." Na daɗe a tsugune a wurin, yaro na barci a bayana, ina jin kamar rumfar ce ke tafiya da mu.

Washegari igiyar gugarmu ta tsinke, don jan ruwa ya ƙaru. Ina neman abin da zan ƙulla, sai ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwati a ƙasa. Ya fito da igiyar da ke ɗaure da shi ya miƙo mini, ya ce, "Ungo, yi amfani da wannan. Zaman banza take."

Surukata ta cika a hannunsa bayan wasu shekaru, kamar yadda ta roƙa. Shi ma ya riga ni, Allah ya jiƙansu. Daga baya 'ya'yana sun kai ni na ga kogi na gaske, na tsaya a kan gada na kalle shi. Yana da girma, ba shakka. Amma har yau in aka ce kogi, abin da ke zo mini shi ne ruwan ɗumi a tsakanin yatsuna, da nauyin igiyar nan a tafin hannuna.